Yadda za ka ci taliyar wantan a rumfunan Singafo hankalinka kwance

Yaran shagona a Kasuwar Dole ta Damagaram sun san halina: in na dawo daga tafiya, kafin a kwance kaya sai na ba da labarin abin da na ci. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zuwa birnin Gwanzu na ƙasar Sin sarin kayan gyaran waya, kuma tun da ƙanena ya samu gurbin karatu a Malesiya nake ratsawa ta Kwala Lumfur da Singafo in gan shi kafin in wuce. Makon jiya wani yaro da ya tashi a hannuna, wanda zai yi tafiyarsa ta fari bayan Sallah, ya same ni bayan la'asar ya ce, "Alhaji, me zan riƙa ci a can? An ce komai nasu da alade." Har ya sa a yi masa kilishi na jika goma, wato sefa dubu goma, mahaifiyarsa kuma tana daka masa yaji da ƙuli-ƙuli. Na ce yajin da ƙuli-ƙulin za su yi masa rana, kilishin kuwa ya bar wa mutanen gida, don Sin da Singafo duk ba sa yarda matafiyi ya shigo musu da nama daga ƙasashenmu, a filin jirgi ake karɓewa. Sannan na zaunar da shi na ba shi labarin taliyar wantan, domin ita ce abincin da ya koya mini yadda Musulmi ke cin abinci a garin da ba nasa ba. Abin da na faɗa masa shi zan rubuta a nan, don na san ba shi kaɗai ke wannan tambaya ba.

Wantan ɗan ƙunshi ne. Ana murza kwaɓin fulawa har ya yi siriri kamar ɓawon albasa, a yanka shi murabba'i daidai tafin hannun yaro, a ɗora niƙaƙƙen nama kamar girman aduwa a tsakiya, a tattaro bakin a matse, a jefa a tafasasshen ruwa. In ya dahu sai ya taso sama, gefen fatar yana lilo a cikin romo. Mutanen Gwanzu, waɗanda su ne masu taliyar wantan tun asali, suna rubuta sunansa da haruffa biyu masu ma'anar haɗiye gajimare, kuma duk wanda ya ga yadda fatar ke yawo a romon zai ce sunan ya dace.

Ita kuwa taliyar siririya ce kamar zaren saƙa, rawaya, da ƙwai ake kwaɓa ta. Ranar da na fara kai ta baki, hancina ya riga kaina ganewa: ƙamshin ɗanwake na ji. Ashe da ruwan kanwa irin nasu suke kwaɓin. Shi ke ba ta launin nan, shi ke sa ta ɗan yi gardama da haƙori kafin ta tsinke, ba kamar taliyar leda da ke narkewa a baki ba. Tsofaffin gwanayen Gwanzu da Hong Kong ba da hannu suke murza kwaɓin ba, don ya yi tauri da yawa. Wata ƙatuwar gora suke gittawa a kansa, mutum ya hau ɗaya gefen kamar mai hawan doki yana dannawa da nauyin jikinsa. Mu da muka tashi muna ganin jakuna da raƙuma suna shigo da kanwa daga ƙasar Manga, wannan abinci bai kamata ya zame mana baƙo ba.

Iri biyu za ka tarar. Na Hong Kong da Gwanzu a cikin romo yake zuwa, a ɗan ƙaramin kwano, wantan a ƙasa taliya a bisa don kada ta jiƙe ta yi laushi. Na Malesiya da Singafo, wanda suke kira wantan mi, an fi cin sa busasshe: a juya taliyar da baƙin ruwan soya, wanda ake yi da waken soya, da mai, a ɗora yankakken gasasshen nama mai jan baki, da wani ganye mai kama da alayyafo amma mai kauri a kara, sannan a ba ka romo a wani ɗan kwano dabam da wantan uku ko huɗu a ciki. Na Malesiya ya fi baƙi da zaƙi-zaƙi, na Singafo ya fi son miyar barkono, wasu har da ta tumatir. Ni busasshen na fi so, kuma a kansa zan fi yin magana.

Wurin cin ma sai an yi bayaninsa, don ba gidan abinci ba ne irin na otal. Da can masu abincin Singafo a bakin titi suke da kurarsu, kamar masu tuwo da 'yan shayinmu na tasha. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnati ta yi musu rajista, daga 1971 zuwa 1986 kuma ta gina musu manyan rumfuna masu famfo da lantarki da magudanar ruwa, ta kwashe su daga titi ta zuba a ciki. Yau irin waɗannan cibiyoyi sun haura ɗari, kuma a watan Disamba na 2020 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada cikin jerin al'adun duniya da ake taskacewa. Ka ƙaddara wata babbar rumfa ce marar bango, fankoki suna juyawa a sama, tebura kafe a ƙasa kowanne da lambarsa, a kewaye kuma 'yan shaguna jere, kowanne bai kai shagona na Dole girma ba. Basine a nan, Bamalaye a gefensa, Ba'indiye a gaba, kowa da abu ɗaya ko biyu da ya gwanance a kai, wani ma a hannun ubansa ya gada. Mai kwat da lebura tebur ɗaya suke zama. Duk sanda na shiga sai in tuna 'yan matan da ke sayar da dambu a rana a bakin tasharmu, ƙura tana sauka a kan tasa, in ce da ma hukumar birni ta yi musu ko da rabin wannan.

To, ga inda maganar take.

Zuwana na fari, ƙanena ya tafi sayo mana abin sha, ni kuma na duba na ga rumfar da layinta ya fi na kowa tsawo. Na ce a raina jama'a ba sa taruwa a banza, na bi. Na kai minti ashirin a tsaye. Saura mutum uku a gabana sai tsohuwar da ke karɓar kuɗi ta ɗago ta ga hulata, ta shiga kaɗa mini hannu tana girgiza kai, tana nuna mini wani jeri can gaba. Ban gane ba, na zaci cewa take abinci ya ƙare. Sai ga ƙanena ya ja hannun rigata ya ce, "Yaya, fito daga layin nan, na alade ne." Matar nan ba ta san ni ba, kuma kuɗina take korewa, amma ba ta yarda ta sayar mini da abin da ta san addinina ya hana ba. Har yau ina ganin girmanta. Darasin da na ɗauka ranar shi ne tsawon layi shaidar daɗi ne kawai, ba ya gaya maka halal ko haram. Kashi uku cikin huɗu na mutanen Singafo Sinawa ne, Musulmi kuwa wajen kashi 15 cikin ɗari, don haka layin da ya fi tsawo galibi ba namu ba ne.

Kuma kada wani ya ce maka ai sai ka ce a cire naman. Taliyar wantan ta asali alade ya shige ta ta ƙofa huɗu. Yana cikin ƙunshin, gauraye da jatan lande. Shi ne gasasshen naman nan mai jan baki da ake ɗorawa a sama. Da kitsensa ake juya taliyar, har akan barbaɗa soyayyen ƙanzon kitsen. Romon ma sau da yawa da ƙashinsa ake dafawa. Ƙari a kan haka, akwai giyar shinkafa da suke jiƙa nama da ita kafin gashi. In an ɗauke yankan nama an bar maka sauran, ba abin da aka raba ka da shi.

Abin da za ka nema shi ne rumfar da ke yin ta da kaza, kuma ta halal. A Singafo hukumar da ke ba da shaidar halal ita ce MUIS, majalisar harkokin addinin Musulunci ta ƙasar, a Malesiya kuma JAKIM. Takardar tana manne a gaban rumfa inda kowa zai gani. Matsa kusa ka karanta, ba abin kunya ba ne: ka ga tambarin hukumar, ka ga sunan da ke jiki ya yi daidai da na rumfar, ka ga ranar ƙarewarta ba ta wuce ba. Akwai kuma rumfunan da Musulmi ne masu su amma ba su nemi takarda ba, sukan rubuta cewa mai wurin Musulmi ne. Irin waɗannan ni ina ci. Nakan yi sallama, in aka amsa mini, na ga mai wurin da masu saye, sai in ɗan tambaya, shi ke nan. Amma akwai allo na uku da ke ruɗin baƙo, wanda aka rubuta da Turanci cewa babu alade babu kitsen alade. Wannan magana gaskiya ce iyakar inda ta tsaya, sai dai ba ta ce maka komai ba game da wanda ya yanka kazar, ba ta ce babu giyar shinkafa a ciki ba. Ni ba na cin nama a irin wannan wuri. Hadisin da muka haddace tun muna makarantar allo, na barin abin da ke sa ka kokwanto zuwa wanda ba ya sa ka, a nan yake aiki. Jatan lande kuwa kada ya dame ka, mu Malikawa duk abin da ya fito daga ruwa halal ne a wurinmu.

In gaya maka gaskiya, rumfunan wantan na halal ba su da yawa a Singafo, a Malesiya sun fi samuwa tun da Musulmi ne suka fi yawa a can. Ba zan ba ka sunan wata rumfa ba, don rumfa takan tashi, mai ita ya tsufa ko ya sayar. Hanyar da ba ta taɓa ba ni kunya ba ita ce masallaci. Ka yi azahar a Masallacin Sultan da ke unguwar Kampong Glam, ko ka je wajen kasuwar Geylang Serai inda Malayawa suka fi yawa, ka tambayi duk dattijon da kuka haɗa sahu da shi inda ake wantan mi na halal. Matambayi ba ya ɓata. Sau biyu wanda na tambaya da ƙafarsa ya raka ni.

In ka samu rumfar, sai maganar lokaci. Daga sha biyu zuwa biyu na rana ma'aikatan ofis ke fitowa, layi ya miƙe. Ka je da ƙarfe sha ɗaya ko da 'yan mintoci. Kada kuma ka ce sai yamma, don rumfar da ta yi suna da zarar abin da ta kwaɓa na ranar ya ƙare sai ta ja ƙofa, ko da ƙarfe biyu ne. Da yawansu suna da ranar hutu ɗaya a mako, ka tambaya tun kafin ka ɗauki hanya.

Kafin ka shiga layi, kama wurin zama. Za ka ga tebur babu kowa amma an ajiye ɗan ƙunshin tishu a kai, ko laima, ko katin aiki. Kada ka ɗauke, kada ka zauna. Mai wurin yana layi, kamar dai yadda ake shimfiɗa darduma a sahun gaba ranar Juma'a a tafi alwala. Kai ma sayi naka ƙunshin ka ajiye, zai yi maka aiki biyu, don rumfunan ba sa ba da abin goge hannu. In kuwa wuri ya cika, ka ga kujera a teburin wasu, nuna ta da hannu ka tambaya da ido. Zama da wanda ba ka sani ba a tebur ɗaya ba komai ba ne a wurinsu, kuma ba dole ku yi hira ba. Wannan ya ɗan yi mini nauyi da fari, mu da ba ma iya cin abinci kusa da mutum ba mu ce masa bismillah ba. Har yanzu nakan ɗan sunkuyar da kai in yi murmushi kafin in fara, su ma sukan mayar.

A layi ba a tsallake kowa, ba a kuma riƙe wa aboki wuri ya zo daga baya ya kutsa. Yi amfani da tsayuwar ka yanke shawara, domin in ka iso gaba mai rumfa ba shi da lokacin gaisuwarmu ta ina kwana ina gajiya ina iyali. Ba wulaƙanci ba ne, mutum talatin ne a bayanka. Abu huɗu yake son ji: busasshe ko mai romo, ƙarami ko babba, da barkono ko babu, a nan za ka ci ko tafiya za ka yi da shi. A rumfar Malayawa 'yan kalmomin nan sun ishe ka: kering shi ne busasshe, sup mai romo, pedas mai yaji, makan sini a nan zan ci, bungkus a ƙunsa mini. Ayam kaza, udang jatan lande, babi kuwa alade, wannan ta ƙarshe ka riƙe ta ko ka manta sauran. Dattijo ka ce masa pakcik, wato kawu, dattijuwa makcik, wato inna. Sinawa kuma ankul da anti ake ce musu. Ka ga ashe su ma sun san ba a kiran babba gatsau. Amma fa ka zaɓi ci a wurin. Taliyar wantan da aka ƙunsa aka yi tafiyar minti goma sha biyar da ita ta zama curi, ba ita ba ce kuma.

Riƙe kuɗi a hannu, ƙananan takardu. 'Yan gari da waya suke biya, amma baƙo tsabar kuɗi ta fi masa sauƙi. Zuwana na baya na sayi faranti a kan dala biyar. Dalar Singafo nake nufi, ba dalarmu ta nan da biyar ɗinta ko ruwan leda da ƙyar take saye ba. In an juya zai kama jika biyu da 'yan kai. A garin da komai ke da tsada, ba inda za ka ƙoshi a kan wannan kuɗi in ba a rumfunan nan ba.

Lokacin da ake haɗa naka, kada ka duba waya, kalli hannun mai dafawa. Zai ɗauki curin taliya ya warware shi, ya jefa a wata ƙatuwar tukunya mai tafasa cikin ɗan kwandon waya. Ba ta kai minti ɗaya a ciki. Ya tsamo ta ya tsoma a ruwan sanyi, ya sake mayar da ita ruwan zafi na ɗan ƙiftawar ido, ya kaɗe kwandon da ƙarfi sau biyu ko uku, sannan ya juye a kan miyar da ya riga ya zuba a faranti. Mutanen Gwanzu suna kiran tsomawar nan ƙetare kogin sanyi. Ita ke tsayar da dahuwa, ta wanke yauƙin gari da ɗacin kanwa, ta bar taliyar da ƙarfinta. In ka ga mai rumfa yana yin wannan ga kowane faranti ɗaya bayan ɗaya, ba ya dafa da yawa ya ajiye, to ka san dalilin layin.

Ɗauki tire, da cokali, da tsinke biyu na ci, ka ɗebi ɗanyen barkono kore da aka jiƙa a ruwan tsami a ɗan ƙaramin kwano. Kai za ka kai wa kanka tebur.

Yanzu sai ci, kuma a nan ne baƙo ya fi yin asara. Da ka zauna, yi bismillah ka juya taliyar nan take. Miyar tana ƙasa, taliyar tana sama, in ka tsaya ɗaukar hoto ko kiran gida sai ta manne da juna, ba ta sake rabuwa. Ɗaga ta daga ƙasa ka juya har kowane zare ya yi baƙi yana ƙyalli. In ka ga ta ɗan bushe, zuba cokali ɗaya na romo, kada ya wuce haka. Sannan kurɓi romon shi kaɗai kafin komai ya taɓa harshenka. Romo mai kyau garau yake, ba kauri, ba ya kama maƙogwaro da gishiri. Daga nan ka ɗauki taliya, ka haɗa da yankan kaza da ɗan barkonon tsami guda ɗaya. Barkonon ba shi da zafin attaruhu, aikinsa ya yanke maiƙo da zaƙin soya, ya sa lomar gaba ta zame maka kamar ta fari. Wantan kuma da cokali ake ɗaukarsa tare da ɗan romo. Yi hankali, cikinsa ya fi wajensa zafi, ɗan ciji gefe ka bar tururi ya fita. Mai kyau fatarsa santsi take tana zamewa, cikinsa kuma da ɗan tauri, kana jin gutsuren jatan lande a haƙori, ba kamar an dama kunu ba.

Yajin da ka zo da shi daga gida, bar shi a aljihu a karon fari. Na san mu, komai sai mun barbaɗa. Amma mutumin nan ya yi shekaru yana daidaita miyarsa, ka ba shi haƙƙinsa ka ji abin da ya yi tukuna. Karo na biyu ka yi yadda ka so.

Tsinken ci ba wuya kamar yadda ake zato. Na ƙasa ba ya motsi: ka kwantar da shi a kwarin babban yatsa, ya jingina a kan yatsan zobe. Na sama ka riƙe shi kamar alƙalami, da babban yatsa da manuni da na tsakiya, shi kaɗai ke hawa da sauka. Wanda ya yi rubutun allo hannunsa ya riga ya san rabin aikin. In ya ƙi, ɗauki cokali mai yatsu, Malayawa ma da shi suke ci, ba mai kallonka. Abu biyu dai ka kiyaye. Kada ka soke tsinkayen a tsaye cikin abinci, don a wurin Sinawa hakan na kama da turaren da suke kunna wa mamaci, ka kwantar da su a bakin faranti. Na biyu namu ne: za ka ga 'yan gari tsinke a dama cokali a hagu, suna kai cokalin baki da hagun. Ni nakan ajiye tsinken in ɗauki cokalin da dama in zan sha romo. Yana ɗan rage sauri, amma ban taɓa ganin ya hana ni gamawa da zafinta ba. Matso da kanka kusa da faranti, musamman in farar shadda ce a jikinka, don baƙin soya in ya ɗiga ba ya fita da wanki ɗaya. Cikin minti goma ya kamata ka tashi da farantin.

Abin sha a wata rumfa dabam ake saye. Ruwan rake da aka matse a gabanka da ɗan lemun tsami shi ya fi dacewa da ita a zafin garin, wanda zafi ne mai gumi, ba busasshe irin namu na watan Afrilu ba. Shayin madara da suke ja daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa, wanda suke kira teh tarik, ka bar shi sai bayan ka gama.

In ka gama, kada ka tashi ka bar kwanuka. Tun 1 ga Satumba 2021 doka ce a cibiyoyin nan kowa ya kwashe tirensa da tishunsa ya kai inda aka tanada. Karon fari gargaɗi ne a rubuce, na biyu tarar dala 300 ta Singafo. Wurin ajiyar kashi biyu ne, na halal dabam na sauran dabam, an rubuta a jiki, a wurare da yawa ma launin tiren ya bambanta. Ka kai naka ɓangaren halal, don da wannan rabuwa ne ake kiyaye kwanukan da wani Musulmi zai ci a ciki bayanka.

Gwanzu kuwa, duk da can ne gidan wantan, can ne na fi taka-tsantsan. Shagunan da suka yi suna da ita na alade ne. Abin da za ka nema shi ne haruffan nan biyu, 清真, da ake karantawa cing-jan, ma'anarsu halal, galibi a kan koren allo tare da rubutun Larabci. A unguwar Shawbe, inda 'yan kasuwar Afirka suka fi sauka, irin waɗannan shaguna suna da yawa, na Musulmin Sin. Abin da suka fi yi shi ne taliyar da ake ja da hannu da romon naman sa, wasu kuma suna yin ƙunshin nama na sa ko na rago. Ba ita ce wantan mi ba, amma za ka ci ka yi hamdala.

Da na ishi uwargida da labari, sai ta ce in kawo mata ruwan soya da man riɗi ta gwada. Ta jiƙa farar kanwa ta kwana, ta tace ruwan saman garau. A fulawa gwangwani uku ta fasa ƙwai uku, ɗan gishiri, da ƙaramin cokali biyu na ruwan kanwar, ta yi kwaɓi mai tauri sosai ta rufe shi na awa ɗaya. Injin taliyar murji da kowane gida a Birni da Zango ya sani shi ya yi sauran aikin: ta murza a lamba mafi siriri, rabi ta yanka zare, rabi ta yanka murabba'i na ƙunshi. Cikin kuwa tsokar cinyar kaza ce da ta daddatsa da wuƙa, da ɗanyar citta, da ganyen albasa, da masoro, da ɗan man riɗi. Ƙashin kazar ta yi romo da shi, ta jefa ɗan busasshen kifi tun da jatan lande ba ya samuwa a nan. Albasar da ta soya a man gyada ita ta tsaya a madadin kitsen da suke sa wa, alayyafo a madadin ganyensu, ɗanyen tattasai kore da ta jiƙa a ruwan tsami tun safe a madadin barkononsu. Karon fari kanwar ta yi yawa, taliyar ta yi ɗaci, don haka ka fara da kaɗan. Karo na biyu ta rage, ta kuma ajiye roba cike da ruwan randa kusa da murhu don tsomawar nan. Wantan minti huɗu ya yi a ruwa ya taso, taliyar kuwa ƙirga arba'in kawai ta yi ta tsamo. Yaron da zai yi tafiya na kira shi ya zo ya ci tare da mu a zaure, na ba shi tsinkaye biyu da na taho da su daga Singafo ya fara koyon riƙo tun daga nan.